Furogiram ɗin ban-ruwan da na gada: abin da nake rubutawa kullum

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Jiya da yamma na iso gida, ƙauyenmu nan gefen Kura. A nan zan yi noman ranin bana gaba ɗaya saboda aikin digirina na biyu a kan ban-ruwan alkama ne, kuma Baba ya yarda in yi awo a gonarsa, eka ɗaya ce. Sharaɗinsa ɗaya, kar in taɓa masa inji.

Abin da zan yi aiki da shi furogiram ne na Python, yaren rubuta umarnin kwamfuta, da na gada a sashenmu, layi 412. Wani babban yayanmu a karatu ne ya rubuta shi shekarun baya, bayansa mutum biyu sun yi digiri da shi, ni ne na huɗu. Kana ba shi zafin rana da sanyin dare da iska da laima da hasken rana, ya faɗa maka milimita nawa na ruwa ƙasa da ganye suka yi asara a ranar, abin da muke kira ETo, da lissafin Penman-Monteith na takardar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, mai lamba 56 wadda ta fito a 1998. Bayanan yanayin kuma daga NASA POWER muke saukewa kyauta tunda ba mu da tashar awo kusa.

Ranar da aka miƙo min shi a filashi na tambaya ko an taɓa gwada shi, aka ce "ai yana aiki". Na sake tambaya, aka ce ai mutum uku sun kare digiri da shi babu wanda ya yi ƙorafi. To shi ne na ce kafin in ɗora nawa a kai bari in ba shi sati biyu in rubuta masa gwaji da pytest, manhajar da ke duba ko furogiram na ba da amsar da ta kamata.

Kuɗi zuwa yau: mota 2,500, data 3,500.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Babu wuta. Na kai laftof shagon caji, 300. Na karanta kod ɗin daga sama har ƙasa a waya, sunayen da aka sa wa abubuwa su ne a, b, bb, x2, final, final2. Babu bayani ko layi ɗaya sai wani wuri da aka rubuta "gyara".

Laraba, 6 ga Nuwamba

Gwajin farko, kuma ya faɗi warwas.

Abin da ya sa na ji daɗin takardar FAO ɗin nan, ba lissafi kawai suka zuba ba, sun sa misalai da amsoshinsu. Misali na 18 na wani wuri ne Uccle a Burasels ta ƙasar Beljiyam, ranar 6 ga Yuli, zafi mafi sama 21.5, mafi ƙasa 12.3, laima daga 63 zuwa 84 cikin ɗari, iska kilomita 10 a awa da aka auna a tsayin mita 10, amsar kuma 3.9 milimita a rana. Wato ga tambaya ga amsa kamar fas kwashin. Na zuba wa furogiram ɗin, ya ba ni 3.18.

Na ɗauka ni ne na shigar da wani abu ba daidai ba, na sake sau uku, 3.18 dai. Sai na koma wurin nan da aka rubuta "gyara", ashe layin cewa yake a ninka amsar ƙarshe da 0.8. Haka kawai. Babu 0.8 a ko'ina cikin lissafin Penman-Monteith, na duba har idona ya yi ja. Na cire shi, amsa ta koma 3.97.

To a nan shaiɗan ya zo min, ya ce 3.97 da 3.9 ai duk ɗaya ne, ka buɗa wa gwajin ƙofa kaɗan ya wuce ka je ka ci tuwo. Saura kaɗan in yi. Abin da ya hana ni, na yi lissafin da biro a takarda mataki mataki na samu 3.88, to daga ina 0.09 ɗin ya fito? Na bar shi zuwa gobe, batir ya mutu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Iska ce. Lissafin yana son iskar da aka auna a tsayin mita 2, shi kuma furogiram ɗin yana kwaso ta mita 10 ya zuba kai tsaye. Iskar sama ta fi ƙarfi, sai an ninka ta da 0.748 kafin ta dawo ta mita 2. Na gyara, 3.88, sikirin ya nuna kore, alamar gwaji ya wuce. Na yi ihu har Inna ta leƙo ta ce lafiya.

Amma ga abin da ya tsaya min a rai. A Beljiyam iskarsu jiƙe take shi ya sa kuskuren bai kai ko 0.1 ba. Da na gwada da wata ranar Disambar bara ta nan garin, lokacin da hunturu ke tsotse komai har leɓe ya tsage, sai bambancin ya kai milimita 0.9. Milimita ɗaya a hekta ɗaya lita 10,000 ce, to kusan lita 9,000 kenan kullum, a shekarar da litar fetur ta haura dubu ɗaya.

Na tuna da kumbon nan na NASA da ya ɓata a duniyar Mars a Satumbar 1999, wani ɓangare na lissafa ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karantawa a matsayin niyuton, babu wanda ya haɗa su ya gani sai da kumbo ya tafi. Su da suke da injiniyoyi ɗaruruwa kenan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Taya Baba gyaran fangali. Ban buɗe laftof ba. Bayana kamar an daka.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau kam sai da na tashi na zagaya gida sau biyu kafin na dawo na zauna.

Na riga na sa a raina an gama, Uccle ya wuce. Sai na ce bari dai in raba furogiram ɗin gunduwa-gunduwa in gwada kowace ita kaɗai, tunda misalan suna nan a banza. Misali na 8 yana lissafa hasken ranar da ke isowa saman sararin samaniya, Ra, a digiri 20 kudu ranar 3 ga Satumba, amsa 32.2. Namu ya ce 9.2.

Ba 31 ba, ba 30 ba, 9.2.

Dalili: math.sin da math.cos na Python radiyan suke karɓa ba digiri ba (zagaye ɗaya cikakke digiri 360 ne, a radiyan kuwa wajen 6.28), shi kuma wanda ya rubuta ya miƙa musu latitud, wato nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita, a digiri yadda yake. Python ba ta ce uffan ba, mene ne nata, lamba aka ba ta ta mayar da lamba. Na zauna na lissafa ina furogiram ɗin yake zaton muke. Muna sa 11.8 a matsayin latitud ɗinmu, radiyan 11.8 kuwa idan ka cire zagaye biyu cikakku ya rage kusan digiri 44 a kudancin duniya. Wato shekara da shekaru ana lissafa wa manoman Kura ruwa da ranar Niyu Zilan, inda Disamba lokacin bazararsu ce.

To me ya sa gwajin Uccle ya wuce? Nan ne abin ya ba ni tsoro na gaske. Uccle tana digiri 50.8, radiyan 50.8 idan ka cire zagaye takwas ya rage digiri 30 da ɗoriya a arewa, kuma a farkon Yuli hasken da ke sauka a digiri 30 da na digiri 50 kusan kunnen doki ne, 40.9 da 41.1, saboda can sama rana ba ta miƙewa sosai amma yininsu dogo ne. Sa'a ce kawai ta banza. Da gwaji ɗaya na rubuta da na rufe laftof ina ta godiya ga Allah da Niyu Zilan a cikin aikina.

Yanzu kuma na gane 0.8 ɗin. Kuskuren iska yana ɗaga amsa, kuskuren latitud ma a Disamba ɗagawa yake, su biyun sun kai ranar nan tawa ta gwaji 7.7, ka ninka da 0.8 ka samu wajen 6.2. Dab da amsar gaskiya, 6.1! Mutumin ya ga lambarsa ta yi yawa a kan abin da aka saba gani a littattafai, maimakon ya nemi dalili sai ya danne ta har ta zauna, kuma a watannin sanyi ya kwatanta. Na ja lissafin zuwa ƙarshen Maris lokacin da can kudu rana ta fara ja da baya, tsohon ya ce 6.0, gyararren ya ce 7.5. Kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ya ɓace a daidai lokacin da tumatir da shinkafar rani suka fi jin ƙishi.

Gwaje-gwaje yanzu 6. Caji 300.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bayan masallaci na yi wa Baba bayani a ƙarƙashin darbejiya, da misalin mudu na yi masa, na ce mudun da muke awo da shi ne aka bubbuga gindinsa ya lotsa, sai wani ya zo yana ƙara tozo a sama don ya cike. Ya yi dariya ya ce, "To ku duk karatun naku babu wanda ya taɓa kifa shi a tiya ya gani?" Na ce babu, Baba. Ya ce shi ko buhun taki aka kawo masa sai ya ɗaga ya ji nauyinsa.

Ban sami abin cewa ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An shuka alkama, an yi bayin farko.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na kira Malam, mai duba aikina. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa, don ɗaya daga cikin ayyukan da aka yi da furogiram ɗin ya zama takarda a mujalla kuma da sunansa a kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga wasu 'yan abubuwa a kod ɗin nan." Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yanzu sati nawa ka ci a kan wannan?" Na ce kusan uku. Ya ce babu wanda zai ba ni maki a kan gwajin furogiram, masu jarrabawa babi na huɗu za su buɗe su ga tebur da zane, in mayar da hankali a gona. Amma kafin ya kashe ya ce in turo masa lambobin Maris ɗin, tsoho da sabo gefe da gefe.

Gaskiya ban ji haushinsa ba, don ba ƙarya ya yi ba. An koya mana yadda ake saita sikeli a ɗakin gwaji, an koya mana maimaita awo sau uku, ma'aunin zafi ma sai ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara ka ga ko zai nuna sifili. Amma furogiram da duk lambobin za su bi ta cikinsa, babu darasi ko na awa ɗaya a kan yadda ake tabbatar da shi, kowa a YouTube ya koya da daddare. Mai duba takarda a mujalla ma ba ya ganin kod ɗin, sakamako yake gani, in ya yi kama da hankali shi kenan.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Geoffrey Chang, masanin surar furotin a cibiyar Scripps ta Amurka, a ƙarshen 2006 sai da ya janye takardu biyar, uku daga ciki a mujallar Science, saboda wani ɗan furogiram na gida da suke amfani da shi ya musanya layuka biyu na bayanai, surar ta fito a juye. Shekaru mutane na ɗora aiki a kan surar da ba haka take ba. Shi ma an ce gadon furogiram ɗin ya yi daga wani ɗakin bincike. Da na karanta wannan sai na ji kamar ɗan'uwana ne.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Misalan FAO suna nuna min ko na bi lissafin daidai, amma ba sa nuna min ko lissafin ya dace da gonar Baba. Sai na ce bari in haɗa ɗan kaskon awon ƙafewar ruwa. Na asalin faɗinsa santimita 120.7, zurfi 25, ni kuwa rabin duro na samu wurin mai walda a Kura, 4,000, da rula ta 'yan firamare, 300. Na san ba daidai yake da na asali ba, so nake kawai in ga in furogiram ya ce yau ta fi jiya ko duro zai yarda.

Na ɗora shi a kan katako a gefen gona, na cika, na sa alama.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Duro ya ce milimita 41 a kwana ɗaya. Na tsaya ina kallon rula kamar wawa, har na fara tunanin ko yoyo yake, sai Auta ya nuna min sawu a ƙasa da 'yar kashin awaki. Akuyoyin maƙwabta ne suka samu mashaya.

Ragar waya 2,500. Kwana biyu sun tafi a banza. Auta ya ce in rubuta akuya a cikin pytest.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Duro 8, 8, 9. In ka ninka da wajen 0.7 yana zagaye da abin da gyararren furogiram ke faɗa. Ba hujja ba ce, amma hankalina ya ɗan kwanta.

Talata, 3 ga Disamba

Na sauke bayanan makon jiya, matsakaicin ETo ya fito da alamar ragi a gabansa, wato gona ce ke tsotso ruwa daga sama kenan ko me. NASA POWER in ba su da bayanin wata rana -999 suke sawa, musamman kwanakin baya-bayan nan da hasken rana bai riga ya shigo ba. Furogiram ɗin yana haɗiye -999 ɗin a matsayin awo na gaske. Wannan karon kwana uku ne a cikin bakwai shi ya sa abin ya fito fili, amma a ce rana ɗaya ce tak a cikin lissafin shekara, ɗan ja zai yi ƙasa babu mai lura.

Na sa masa ƙa'ida, duk zafin da ya yi ƙasa da sifili ko ya haura 50, laimar da ta fita daga 0 zuwa 100, hasken da ya zama ragi, ya tsaya cak ya faɗi layin da ranar. Na fi son ya yi min tsawa da ya yi min murmushi yana ƙarya. Na ƙara wasu gwaje-gwajen da ba sa buƙatar sanin amsa: in na ƙara iska a busasshiyar rana dole ETo ya hau, in na ƙara laima dole ya sauka, a kan ikwaita tsawon yini dole ya zama awa 12 kowace rana. Irin waɗannan su ne maganin matsalar da kowa ke fakewa da ita, wai ai bincike ne, ba mu san amsar ba balle mu gwada. Ba ka san amsar ba amma ka san ta inda ba za ta ɓullo ba.

Gwaje-gwaje 14. Data kuma, 3,500.

Alhamis, 5 ga Disamba

Awa biyu ina faɗa da gwaji ɗaya da ya ƙi wucewa, ashe laifina ne. Na rubuta a tabbatar jimilla daidai take da 0.3 cif, kwamfuta kuwa in ta haɗa 0.1 da 0.2 abin da take samu 0.30000000000000004 ne saboda yadda take ajiye lambobi masu ɗigo. pytest.approx, mai karɓar amsar da ta yi kusa, ya raba gardama. Sai dai yanzu dole a kowane gwaji in zauna in yanke nawa ne kusa, kuma in rubuta dalili a gefe, kar in zama mai 0.8 na gaba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bayi na huɗu. Sanyi ya sauka sosai, alkama ta yi kore shar. Hazo ya hana sola ɗin shagon caji aiki, ban yi komai ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na yi abin kunya, bari in rubuta don kar in manta.

Ina share kod ɗin ina sa wa abubuwa sunaye na mutunci, sai na mayar da latitud zuwa radiyan a wurin karanta fayil, na manta na riga na yi hakan a cikin lissafin Ra. Sau biyu kenan. Yanzu Kura ta bar Niyu Zilan ta koma kan ikwaita, digiri 0.2. Kuma wallahi lambobin da suka fito ba su yi kama da kuskure ba, ɗan sama kaɗan ne, da ido ba zan taɓa kamawa ba. Na danna pytest don sabo kawai kafin in rufe, ja guda huɗu, wato gwaji huɗu sun faɗi, cikin daƙiƙa biyu.

Duk fushin da nake yi da yayan nan namu sai ya sauka. Ba sakaci ya fi ni ba, shi dai babu abin da zai yi masa ja a sikirin.

Litinin, 16 ga Disamba

Na tura wa abokina da ke Dutse ya gwada a tasa kwamfutar, shi Linux yake amfani da ita, tsarin kwamfuta daban da nawa. Duk gwaji ya wuce amma jimillar ruwan kakar ta bambanta da tawa. Mun yi awa ɗaya a waya, kati 800. Fayilolin wata-wata ne furogiram ɗin ke kwasowa da glob, umarnin tattaro fayiloli, ya jera, a tawa suna zuwa a jere, a tasa Janairu ta riga Nuwamba, sai matakan girman alkama suka hau kan watannin da ba nasu ba, Kc, lambar da ake ninka ETo da ita gwargwadon girman shuka, na 0.3 na farkon shuka ya faɗa inda 1.15 ya kamata ya zauna.

Shi ya tuna min ashe irin wannan ta faru a 2019, masu bincike a jami'ar Hawai suka gano wani kod na Python da masana kimiyyar sinadarai ke amfani da shi tun 2014 yana ba da amsa daban-daban gwargwadon kwamfutar da aka kunna shi, saboda glob bai yi alkawarin jera fayiloli ba. Gyaran kalma ɗaya ce, sorted, wato a jera su. Ni ma ita na sa, na kuma ƙara gwajin da ke hargitsa fayilolin da gangan ya ga ko amsa za ta motsa.

Juma'a, 20 ga Disamba

Malam ya kira da kansa. Ya ga teburin Maris. Ya ce in rubuta shafi biyu a kan kurakuran, zai duba ko sun taɓa abin da aka kammala a takardar, in sun taɓa za a rubuta wa mujallar. Ya ce kuma in kira wanda ya rubuta kod ɗin in faɗa masa da bakina kafin ya ji a wani wuri, "da ladabi fa, yayanka ne."

Lahadi, 22 ga Disamba

Na kira shi. Na fara da gaisuwa mai tsawo, iyali, aiki, sanyi. Da na zo kan maganar sai ya ce, "Ƙanena, ni injiniyan ruwa ne ba ɗan kwamfuta ba, a wata ɗaya na koyi Python ɗin nan na rubuta, kuma ban ce kowa ya ɗauka ba." Na ce haka ne Yaya. Na tambaye shi 0.8, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ya ɗauka hazo ne ke sa lissafin yin yawa a ƙasarmu, har ya so ya rubuta hakan a matsayin abin da ya gano. Ya ce in turo masa. Har yanzu alama ɗaya ce a WhatsApp.

Asabar, 28 ga Disamba

Biki a Garun Malam. Babu aiki.

Laraba, 1 ga Janairu 2025

Na sauke bayanan da suka kai jiya, furogiram ya faɗi. 2024 shekara ce mai kwana 366, shi kuma akwai wani jeri a ciki mai gurbi 365. Da na leƙa sai na ga ma yana ƙirga Fabrairu 28 kullum, wato tun 1 ga Maris yake baya da kwana ɗaya. Tasirin kaɗan ne ƙwarai, bai kai a yi magana ba, amma na cire jerin na bar datetime, kalandar Python, ta yi ƙirgar. Wannan ne kuskure na farko da ya yi ƙara da kansa tun da na fara.

Gwaje-gwaje 21.

Litinin, 6 ga Janairu

Baba ya bari na auna injin, yana tsaye a kaina. Tiyo mai inci uku ya cika duro mai lita 200 a daƙiƙa 25, sau uku na maimaita, 25, 24, 26. Lita 8 a daƙiƙa kenan.

Asabar, 11 ga Janairu

Alkama ta kwana 55. Furogiram ya ce tana shan kusan milimita 7 a rana yanzu, a eka ɗaya lita 28,000, a sati wajen 196,000, da injin Baba awa 7 kenan ba kaɗan. Na tambaye shi awa nawa yake yi, ya ce ba ya duba agogo, sai ruwa ya kai ƙarshen fangalin ƙarshe ya kwanta. Na zauna na ƙirga masa yau, awa 10 da minti 20.

Ban ce masa yana ɓarna ba, don furogiram ɗin bai san ruwan da ke nutsewa a kwata kafin ya isa ba, bai san ramin ɓera ba, kuma bai san gefen gabas yashi ne ba. Baba ya ce in na gama da Niyu Zilan in zo ya nuna min inda ruwan ke tsayawa.

Kuɗi gaba ɗaya zuwa yau 31,400, har da caji da kati.

Abin da ke gaba: auna ruwa a bakin tiyo da kuma ƙarshen kwata a bayi biyu masu zuwa, haƙa rami uku in ga iya inda laima ta kai bayan kwana ɗaya, gama shafi biyun Malam kafin Laraba. Akwai ɓangaren ruwan sama a kod ɗin, layi 60 da ban taɓa ba tukuna, da wani abu a ciki mai suna bb2 da aka raba da 1.3.